Surukina Mai Bin Ungulu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗi wannan kalma a gidajen makoki ba adadi, amma ban san nauyinta ba sai ranar da na faɗe ta a kan surukina, mahaifin matata, wanda duk 'yan zangon Greensboro, a nan Amurka, ke kira Baba. Ina rubuta wannan ne saboda na ga bakin mutane ya fara cin sa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma ba na son jikokinsa su girma su tarar cewa abin da ya rage masa a wurin jama'a raɗa ce kawai.

A gidansa na East Greensboro aka yi zaman makoki. Maza muka shimfiɗa darduma a falo har zuwa gareji, mata suna ciki tare da Mama, matarsa. Mutanen Kumasi sun zo, na Accra sun zo, mu 'yan Nijar masu aiki a shagunan titin Wendover muka zo da kayan aikinmu a jiki. Wani direban babbar mota ya yi ta share hawaye yana cewa a falon nan ya fara kwana da ya sauka Amurka, Baba ne ya ba shi rigar sanyi ta farko. Wata Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko gaskiya ne daga sama ya faɗo. Da na ce mata a kan kujera ya cika, a zaune, sai ta ce Allah ya jiƙansa, amma na ga alamar labarin bai kai yadda aka ba ta shi ba.

Kowa ya yi addu'a, kowa ya faɗi alherinsa. Sai dai da zarar an shafa fatiha, falon ya yi shiru, za ka ji wani daga can gefe ya sassauta murya ya ce, amma dai abin da aka gani a maƙabarta, sai na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa ya yi shiru.

Ga abin da aka gani. A bayan gari muka kai shi, inda aka yanka wa Musulmi wani fili tsakanin itatuwa, ƙasarsa ja wur. Rana ta ɗaga, sama shuɗiya, gajimare farare a jere. Muna cikin mayar da ƙasa sai inuwa ta gifta a kan kabarin, wata ta biyo ta, wata kuma ta biyo. Mutane suka ɗaga kai. Ungulaye ne, masu jan kai irin na ƙasar nan, sun taru daidai samanmu suna zagayawa, babu wadda ke kaɗa fiffike, babu wadda ke kuka. Liman ya ce kowa ya mayar da idonsa ƙasa ya yi wa mamaci addu'a. Kawu, yayan Mama, ya faɗa da muryar da ya tabbata an ji:

"Ungulu dai ba ta jewar banza."

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wani dattijon Bature, abokin Baba, da ya tsaya a bayan sahu riƙe da hularsa. Shi ma ya ɗaga kai, da ya gan su sai ya yi murmushi, hawaye na bin kumatunsa. Mutane da yawa sun ga wannan murmushin, kuma kafin la'asar ya isa ɗakin mata.

Ni na san dalilin murmushinsa, don haka dole in koma baya in faɗi wane ne Baba.

Ɗan zangon Kumasi ne, ya zo ƙasar nan da ƙuruciyarsa, ya yi shekaru yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke bayan Wendover, daga baya ya koma kai saƙonni gida-gida. Ya ce wata Asabar yana kan wata 'yar hanyar gonaki a arewacin gari sai inuwar jirgi ta wuce ta kan motarsa, ya jira ƙara bai ji ba. Ya taka birki ya fito. Jirgi ne fari mai dogayen fukafukai yana saukowa kan ciyawa shiru, kamar an aiko shi. Tun daga ranar, in ji Mama, ta rasa mijinta a ranakun Asabar da Lahadi.

Gilaida ake kiran abin, jirgin sama ne mara inji. Wasu mutane ne masu sha'awa suka haɗu suka yi kulob, suna da filin ciyawa da rumfa da jirage 'yan kaɗan. Wani ƙaramin jirgi mai inji ke ɗaura wa gilaida igiya ya ja ta sama, kuma dattijon Baturen nan shi ne direbansa, shi ya sa Baba ke kiransa Mai Ja. In an kai inda ake so, sai ka saki igiyar. Daga nan ba ka da komai sai iska. In rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi tsaye a wasu wurare, ido ba ya ganinta. Baba yana kiranta tsani. Wanda ya sami tsani zai yi ta zagayawa a cikinsa yana hawa har ya wuni a sama, wanda bai samu ba kafin shayi ya huce ya dawo kan ciyawa.

Yana da magana ɗaya da yake maimaitawa har matata ta haddace tun tana yarinya: "Da an saki igiya, sauka kake yi. Kowa sauka yake. Mai rabo shi ne wanda ya faɗa cikin iskar da ta fi shi saurin hawa."

Duk rayuwar gidan nan sama ce ke tsara ta. Da asuba in ya dawo masallaci sai ya tsaya a tsakar gida ya shafa gilashin mota ya ji raɓa, ya dubi kan itatuwa, sannan ya shiga ya duba hasashen yanayi a waya. Ya fi son ranar da ta biyo bayan ruwan sama, in iskar arewa ta wanke sama, safiya ta yi sanyi, sannan wajen hantsi gajimare su fara fitowa masu shimfiɗaɗɗen gindi kamar an jera su a kan faranti. Lokacin da itatuwa ke zubar da garin nan rawaya da ke rufe motoci, kowa na atishawa yana tsinuwa, shi murna yake, wai damina ce ta masu tashi. Tsakiyar zafi kuwa, in sama ta yi fari kamar koko, hadari na haɗuwa da la'asar, sai ya wuni yana tsaki. Kada a ɗauka boka ne, sau da yawa yakan yi kuskure. Zai tashe ni da sassafe ya ce yau rana ce paa, ba irinta, mu kwashi hanya mu je mu tarar 'yar jakar yadin nan da ake ratayewa a kan sanda don nuna iska, wadda yake kira ƙafar wando, ta miƙe tana nuna gefen da ba a so. Sai mu zauna a rumfa mu cinye waacen Mama, wato shinkafa da wake, da shito, soyayyen yajinta, tare da Turawa, mu dawo.

Yadda ni na shiga lamarin abin dariya ne. Ni Badamagare ne, a wurinmu suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, ba ya haɗa ido da shi. Shekarun farko na aurena a bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, idona a kan kafet. Shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Damagaram. Yakan ce wa matata mijinki ya san kowane zare na kafet ɗin nan, ki tambaye shi ko ya isa canji.

Sai mahaifiyata ta rasu a gida, takarduna kuma a lokacin ba su ba ni damar tafiya ba. Na karɓi gaisuwa da busasshen ido, na koma aiki, na daina barci. Wata Lahadi Baba ya zo ƙofar gidana ya yi hon, ya ce in zo in raka shi unguwa. Ban san inda za mu ba sai da na ga ana ɗaure ni da bel a kujerar gaba ta gilaida mai zaman mutum biyu, shi a bayana, ƙafafunsa a gefen cinyoyina. Ni da ban taɓa zama kujera ɗaya da shi ba, ga ni a tsakanin gwiwoyinsa. Kunya ta hana ni jin tsoro har muka bar ƙasa.

Da ya saki igiyar na ji wani ƙas, jirgin Mai Ja ya karkata ya tafi da ƙararsa, sai shiru. Ban taɓa jin irin wannan shirun ba. Iska ce kawai ke shafar gilashi, da wata 'yar na'ura da ke yin kuka siriri in ana hawa, ta yi gurnani in ana sauka. Gurnani take yi. Gonaki suna ƙara girma a ƙarƙashinmu, ni kuwa ina karanta duk abin da na iya.

"Damagaram, duba hagunka," in ji shi. "Ga malamanmu can."

Ungulaye ne suna zagayawa a kan wata jar gona. Ya karkata jirgin ya nufe su, gabana ya faɗi, don ni abin da na taso da shi shi ne inda suka taru akwai mushe. Muna isa na ji an tokare mu daga ƙasa, na'urar ta canza murya ta fara kuka. Muka shiga zagaye tare da su. Ɗaya ta zo daidai ƙarshen fiffikenmu, ta juyo da jan kanta ta dube ni ido cikin ido, ba tsoro, ba gaba, kamar ta san ni a wani wuri. Har yau in na rufe ido ina ganin wannan kallon.

Ya ce mutanenmu sun yi gaskiya da suka ce ba ta jewar banza, sai dai ba su tsaya sun duba ba. Wadda ta ga mushe ƙasa take yi. Wadda ke zagayawa tana ƙanƙancewa a ido, tsani ta samu, kuma duk mai hankali bin ta zai yi. Da muka kai gindin gajimare, sanyi ya shigo, sai ya ce:

"To, yi kukanka. Nan ba mai ganinka. Ni ma ƙeyarka kawai nake gani."

Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka bugo mini waya. Ya ci gaba da zagayawa da mu har na gama. Da muka sauka na koma durƙusa masa ina kallon ciyawa, shi ma ya koma kirana Damagaram, amma daga ranar duk maganar da ba za ta faɗu a ƙasa ba, a sama muke yin ta. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma ban taɓa gaya masa ba sai ta ƙeya.

Ba waliyyi ba ne, yana da nasa halin. Ranar sunan ɗiyata ta biyu, an raɗa suna da safe, an raba goro, na lura yana ta leƙen taga. Kafin a sauke shinkafa an neme shi an rasa. Mama ta ji kunyar baƙi ƙwarai, Kawu kuwa ya ɗauki mota ya bi shi har filin don ya dawo da shi. Abin da ya tarar shi ne asalin duk wata raɗa da ta biyo baya. Wata 'yar guguwa ce ta taso a tsakiyar ciyawa tana juya busassun ganye. Kowane ɗan Hausa ya san abin da ake cewa yana tafiya a cikin guguwa, ya san a'uziyya ake yi a kauce. Baba kuwa yana nuna ta da yatsa yana dariya, yana takawa wajenta, yana kiran Turawa su zo su gani, don a wurinsu ita ce ƙafar tsani. Kawu bai ko fito daga mota ba, ya juya.

Tun dare bai yi ba aka yi ta a gida. Kawu ya ce dattijo mai furfura ya bar sunan jikarsa ya tafi wasa da abin da ba a wasa da shi, yana jefa kansa ga halaka, yana bin tsuntsun da ko yara ba sa jifa don ƙyama. Baba ya ce jikar tana nan gobe, irin wannan sama kuwa ba ta zuwa sau biyu a wata. Wannan amsa ba ta yi kyau ba, ni ma na san haka. Suka daina magana har azumi ya kama, sai Baba ya ɗauki kwanon koko da ƙosai ya kai masa da kansa ya zauna suka sha ruwa tare. Sun shirya, amma Kawu bai manta abin da ya gani ba, kuma ba shi da ɓoye abin da ya gani.

Da girma ya kama shi sai ya rage tashi, ya fi zama a wata kujerar roba kusa da inda jirage ke tashi, oba-oba, 'yar rediyon hannu ta magana da matuƙa, a cinyarsa. Ba ya son surutu a rediyo. In ya hango wani ya sami tsani, sai ya danna maɓallin sau biyu ba tare da ya yi magana ba, ƙas ƙas, kowa a kulob ya san ma'anarsa, wato na gan ka. Wani aikin da bai taɓa bari ba shi ne riƙe fiffike. Gilaida taya ɗaya gare ta, in tana ƙasa fiffike ɗaya a kwance yake, sai wani ya ɗaga shi ya yi 'yan taku da shi kafin iska ta karɓa. Yakan ce ba wanda ya taɓa tashi shi kaɗai.

Ranar da ya rasu Lahadi ce a ƙarshen bazara, kuma ban taɓa ganin sama irin ta ranar ba. An yi ruwa Juma'a, Asabar iska ta share, Lahadi gajimare suka jeru har iyakar gani. A mota yana ta waƙar zuci. Amma da muka isa aka ce ga kujerar baya ta gilaida an ajiye masa, sai ya tsaya ya daɗe yana kallon sama, ya ce a ba wani. Mai Ja ya yi masa tsiya, ya ce shekara nawa yana jiran irin wannan rana. Baba ya ce ya gani, ta yi kyau, amma yau shi mai riƙe fiffike ne. Ya riƙe wa wata mata 'yar kulob, malamar makaranta da ya daɗe yana ƙarfafa wa gwiwa, ya yi takunsa, ya saki, ya tsaya har ta bar ƙasa. Sannan ya yi azahar a kan ciyawa ya koma kujerarsa.

Ina can ina jawo wa jirage igiya, na waiwaya na gan shi ya jingina kai baya yana kallon sama kamar kullum. Na sake waiwayawa, yana nan yadda yake. Sai da na ga hularsa ta faɗi bai ɗauka ba na taho. Idonsa a buɗe, fuskarsa a sake, hannuwansa sun zube gefe. Na kira shi, a karon farko na dube shi ido cikin ido, babu kowa a ciki. Na yi salati na shafe masa ido.

Ina durƙushe a gabansa, oba-obar tana kan cinyarsa ba mai taɓa ta, sai na ji ƙas ƙas a rediyon da ke rumfa. Malamar nan ta gaya mini daga baya cewa ita ma ta ji, daidai lokacin da ta faɗa cikin tsani, har ta ce na gode Baba. Na san jirage da yawa na amfani da layin nan, kowa na iya danna maɓalli bisa kuskure. Na gaya wa kaina haka sau da yawa.

Washegari aka binne shi, kuma sama ba ta canza ba. Fili ne buɗaɗɗe a tsakiyar itatuwa, jar ƙasa sabuwar tonawa, rana ta gasa ta, tsani ya tashi daidai kan kabarin, ungulayen suka same shi. Abin da Mai Ja ya gani ya yi murmushi ke nan.

Mama ba ta je maƙabarta ba, labari aka kawo mata, kuma an kawo shi da gishirinsa. Ita ba ta taɓa taka filin jiragen ba, duk shekarun nan girki kawai take yi ta zuba a kula ta miƙa masa tana mita. Yanzu tana cikin takaba, ga maganar yayanta, ga ta matan da ke shigowa suna tausaya mata fiye da kima. Ta saki labulen tagoginta duka. Ta sa aka tattara hularsa da tabaransa da oba-obar a leda aka kai gareji. In baƙi suka ambace shi sai ta ce Allah ya yafe masa, ba ta cewa Allah ya jiƙansa, kuma duk wanda ya san Hausa ya san tazarar da ke tsakani. Ta gaya wa matata tana mafarkinsa yana faɗowa, yana ta faɗowa, ba ya isa ƙasa. Abin da ke cin ta shi ne tsoron cewa mutumin da ta yi rayuwa da shi ba a karɓe shi ba, kuma an nuna wa duniya alama.

Liman ya zo ya ce camfi ne, tsuntsu tsuntsu ne. Ta ce yoo, Malam, ta gode. Ni ma na aika matata da bayani, don ba na iya zama in yi wa surukuwata lacca. Amsar da ta dawo ita ce, shi ma Damagaram ɗin ai ya sha ruwan tsuntsayen. Ta rame, idonta ya faɗa, matata ta fara tsoron kada mu yi rashi biyu a shekara ɗaya.

Da ta fita takaba, ganye ya fara ja yana zuba. Na rasa dabara, sai na ce wa matata ta gaya mata mutanen kulob suna tambayar mai waace, sun ce tun rasuwar Baba ba su ci abincin kirki ba. Ba ƙarya na yi ba. Mama kuwa ko me take ciki ba ta iya jin an ce wani na jin yunwar girkinta. Ta ce za ta kai musu sau ɗaya, sadaka, ta dawo.

Ranar ba ta yi kama da ranar tashi ba. Wani siririn gajimare ya lulluɓe rana, ƙafar wando ta langaɓe a jikin sandarta, duk wanda aka ja sama sai ya dawo nan da nan. Na ji haushin kaina da na kawo ta. Turawa suka kewaye ta suna gaisuwa, Mai Ja ya cire mata hula. Aka kawo mata kujerar robar nan ta Baba, ta tsaya tana kallonta.

"Ei," in ji ta. "Ashe nan kujerar barandata ta zo. Na zargi yaran maƙwabta a banza."

Ta zauna a kai, jakarta a cinya, ta ƙi ɗaga kai.

Bayan azahar lulluɓin ya yage, rana ta sauka a kan wata jar gona da ke ƙetaren fili. Komai ya tsaya cik, ko ganye ba ya motsi, har kukan tsuntsaye ya ɗauke. Sai ga 'yar guguwa ta taso daga bakin gonar, ta ratso ciyawa a hankali tana juya jajayen ganye, ta nufo mu kamar ta san inda za ta. Ta wuce ta gefen kujerar, ta ɗaga bakin mayafin Mama ta sake shi. Mama ta damƙe hannun matata tana a'uziyya, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Daga kan itatuwa suka fara tasowa, ɗaya bayan ɗaya, suna kaɗa fiffike da ƙyar kamar tsofaffi masu tashi daga tabarma. Da suka isa saman gonar sai suka daina kaɗawa, suka shiga zagaye. Malamar nan tana sama a lokacin, ta yi ƙasa sosai har ta juyo za ta sauka. Muka ga farin jirgin ya karkata ya nufe su, ya shiga cikinsu, ya fara juyawa. Inuwarsu ce ta gifta a kan cinyar Mama ta sa ta ɗaga kai.

Ta daɗe tana kallo. Jirgin da tsuntsayen suna zagaye ɗaya, suna ƙanƙancewa. Sai ta yi magana, kuma ba ta bi ta kan 'yarta ba, ni ta fuskanta kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Damagaram, ba su kaɗa fiffike koraa, ko sau ɗaya. Me ke ɗaga su?"

Na ce iska ce mai hawa, Mama, ita Baba ke nema duk shekarun nan, su kuma su ke nuna masa inda take. Na ce wadda ta ga mushe saukowa take yi.

Idonta a sama ta ce, "Kai kana wurin ranar nan. Kada ka rufe ni. Waɗanda suka zo kansa, sauka suke ko hawa?"

"Hawa suke, Mama. Ban ɗauke ido ba har suka shige gajimare."

Rediyon da ke kan tebur a rumfa ya yi ƙas ƙas. Ni da Mai Ja muka dubi juna. Mama ta tambayi mene ne wannan, na ce haka ake cewa na gan ka. Ta gyara mayafinta, ta ce haka yake ƙwanƙwasa mata tagar kicin in ya dawo, sau biyu, bai taɓa yin uku ba. Daga nan ta rufe fuska ta yi kuka, irin wanda na yi a gaban gwiwoyinsa, muka ba ta baya har ta gama.

Ya Allah, ga bawanKa, baƙo ne a ƙasar da ya kwanta, ya saukar da baƙi, ya riƙe wa mutane fiffike har ranar da ya tafi. Ka yafe masa bikin sunan da ya gudu ya bari da duk abin da mu ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa iskar da ya faɗa ciki ta fi shi saurin hawa. Mu da muka rage muna sauka, Ka sa mu cika da imani.

Washegari da safe ta ce in kai ta maƙabarta. Ta sa an ɗauko ledar nan daga gareji, hularsa tana hannunta. Ta tsaya a bakin shinge ta yi addu'arta, na ji da kunnena ta ce Allah ya jiƙanka. Safiyar da sanyi, raɓa ba ta bushe a kan ciyawa ba, sama fayau babu ko tsuntsu ɗaya. Da na ga ta shafa, na buɗe mata ƙofar mota na ce mu tafi kada sanyi ya kama ta. Ba ta motsa ba. Ta sa hannu ta kare ido tana duban saman itatuwa.

"Mu ɗan jira su, Damagaram," in ji ta. "Ƙasa ba ta yi ɗumi ba tukuna."